Ranar da Malamin Turanci Ya Nome Mani Gero

A kasuwar Kusada suka haɗu. Adawiyya jikata ta kai gyaɗa, shi kuma Zainul Abidin, malamin Turanci daga Kankia, ya sauko daga kan mashin ya tsaya yana kallonta har ɗan acaɓa ya yi mashi tsawa. Ni Maimunatu ta Mawashi ban yi boko ba, sawa na yi a rubuta mani wannan, don dangin yaron suna yawo da ni wai na azabtar da ɗansu. To ku ji.

Yaro dai yana da ladabi. Yana zuwa zance, yana kiranta "Hasken idona", ita kuma tana sunkuyar da kai tana cewa "Malamina". Wata rana ya iske ta tana daka, bayan ya koma ya turo saƙo. Na ce ta karanta mani.

"Hasken idona, akwai wata kalma a Turanci, mundane. Asalinta daga Latin ne, mundus, wato duniya. Ana faɗinta ga al'amuran yau da kullum, irin daka da shara da ɗibar ruwa, abubuwan da ake rainawa. Ni kuwa yau da na ga taɓarya a hannunki na san irin wannan rayuwar nake so, in dai da ke ce."

Yarinya har da hawaye. Na ce, "Madalla. Tunda aikin duniya yake so, ya zo ya yi mani gayya a gonar gero, kamar yadda kowane mai neman aure ke yi a gidan nan. Sadisu da ke sonki ya yi tasa gayyar bara, ba a roƙe shi ba."

Ya zo da abokansa malamai, kowa da sabuwar hauya. Na tafi dama masu fura. Da na dawo, innalillahi! Gonata fes kamar an share masallaci. Gero bai wuce taƙi ba lokacin, su kuwa ba su san shi ba, suka haɗa shi da ciyawa suka nome.

"Kaka, mun gama," in ji shi, yana murmushi.

"Kun gama da ni dai! Ina gerona?"

Ya dubi ƙasa, ya dube ni. "Wanne ne geron?"

Ƙwaryar fura ta suɓuce mani. Abincin shekarata ke nan. Na ce aure an fasa, a ba Sadisu.

Adawiyya ta daina cin abinci. Ta rubuta mashi: "Malamina, kar ka kawo wa Kaka haƙuri da baki, ba ta jin wannan. Maƙwabta na cirar gero. In an yi ruwa ana dashe."

Aka yi ruwa kuwa. Sai ga shi da asuba ba takalmi, yana bin gonakin mutane yana roƙon abin da suka cire. Adawiyya na tsaye a bakin kunya tana nuna mashi. "Ba haka ba, Malamina, danne gindin da diddige." Hannunsa ya yi bororo, ya fashe, bai fasa zuwa ba sai da ya rufe gonar. Ni ban sa shi ba, ban kuma hana shi ba.

Geron ya kama. Bai kai na bara ba, amma ya cika mani rumbu rabi da wani abu. Ran da aka yanke, na kira shi na ce, "Turo magabatanka."

Durƙushewa ya yi yana kuka, ƙato da shi.

An ɗaura aure bayan kaka, da geron nan aka dama furar biki. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ku kuma gwaggonninsa na Kankia, kun sha furar har kun nemi ƙari. Ina nan Mawashi ina jiran ku zo ku janye maganar da kuka yi a kaina.