Mamacin da Ya Tura Kuɗi

Da hantsi matar ta shigo ofishin 'yan sanda, goye da jariri, tana jan wata 'yar yarinya da hannu. Ba ta jin yaren ƙasar, don haka ɗan sandan da ke ƙofa bai ɓata yawunsa ba, ya nuna mata ɗakin Sufeto.

Haka suke yi wa Sufeto kullum. Shi ma baƙo ne, iyayensa suka zo da shi yana ƙarami, kuma tun da aka gano yana jin Hausa duk wata rigimar baƙi a teburinsa ake jibge ta. Abokan aiki suna yi masa kallon ɗan baƙi, baƙin kuma suna yi masa kallon karen hukuma. Abin yana ci masa rai, amma ya daɗe da daina faɗa.

"Ranka ya daɗe, an kwashe mu," in ji matar tun kafin ta zauna. "Ko sisi ba a bar wa marayu ba."

"Zauna, baiwar Allah. Wa aka kwashe, kuma wa ya kwashe?"

Mijinta mai walda ne a wani kamfanin gine-gine. Ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti, makon jiya da safe rai ya yi halinsa, aka yi masa sutura a ranar. Jiya ta je banki da takardar shaidar rasuwa, aka duba asusun, aka ce mata wayam yake.

"Wa kike zargi?"

"Auta. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Katin bankin yana hannunsa, kuma ya san lambar sirri."

"Shi Autan yana da wani abu nasa a cikin asusun?"

"Me gare shi? A ɗakinmu yake ci, a ɗakinmu yake sha."

"Wa ya ce ki zo nan?"

"Kawu. Ya ce kada in tsaya kunyar zumunci, haƙƙin marayu ne."

Sufeto ya san Kawu, kamar yadda duk wani baƙo ya san shi. Dattijo ne mai shagon tura kaya gida. Shi ke tarbar sabon zuwa, ya sama masa ɗaki, ya raka shi banki ya yi masa tafinta, in kuma mutum ya mutu shi ke yi masa wanka.

Kafin azahar Sajan ya kawo Auta daga wurin wankin mota inda yake aiki, hannayensa duk kumfa ta cinye su. Da aka laluba aljihunsa, sai ga katin marigayi.

"Me katin yayanka yake yi a wurinka?"

"Ajiya ya ba ni, yallaɓai."

"Ka taɓa cire kuɗi da shi?"

"Ban taɓa ba."

"Ina takardunka na zama?"

"Suna gida."

Ya faɗi haka idonsa na kan tebur. Sufeto ya ja tsaki, ya sa aka rufe shi. Ya san abin da ke jiran saurayin in har tuhumar ta tabbata: kurkuku, sannan a tisa ƙeyarsa gida da sunan wanda ya cinye marayun ɗan'uwansa. Irin wannan suna ko uwar da ta haife shi ba za ta iya wanke masa ba.

Washegari Sufeto ya je bankin. Jami'ar da ke kula da zamba ta shigar da shi wani ɗan ɗaki mai bangon gilashi, ta juyo masa da fuskar kwamfuta. Sai ga Auta ƙuru-ƙuru a gaban na'urar cire kuɗi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kusan kowane ƙarshen wata.

"To, maƙaryaci ya kama kansa," in ji Sajan.

"Kada ku yi sauri," in ji jami'ar. "Abin da yake cira da kati kaɗan ne, kuma ya daɗe yana yi, tun mai asusun yana raye. Babban kuɗin ba da kati ya fita ba. Ta waya aka tura shi."

"Da lambar sirri?"

"Da yatsa. Manhajarsa ba ta buɗewa sai da zanen yatsansa."

"Yaushe?"

Ta faɗi ranar, ta ce bayan azahar ne. Sufeto ya duba takardar asibiti, ya sake dubawa. Likita ya tabbatar da rasuwar tun da safen wannan ranar.

"Kina nufin mamaci ne ya tura kuɗi?"

"Ni dai yatsansa na gani. Kuma ba sabon abu ba ne a wurin mutanenku, a mutu a bar asusu a buɗe, a tafi gida a bar asusu a buɗe. Da an sanar da mu da safen, da mun rufe."

Kalmar "mutanenku" ta yi wa Sufeto zafi, amma ya haɗiye ta, don gaskiya ta faɗa. Ya tambayi inda kuɗin ya sauka. Ta ce asusun wani baƙo ne mai suna Dogo, tsohon mai gadi, asusun ya daɗe ba ya motsi, kuma tuni aka fara cirewa kaɗan-kaɗan. Mai cirewar yana sa hular sanyi da takunkumi, fuska ba ta fita a hoto.

Da suka koma ofis, Sufeto ya ajiye hotunan a gaban Auta.

"Ka ce ba ka taɓa cirewa ba. Wannan aljani ne?"

Auta ya kifa kai a tebur.

"Kuɗina ne, yallaɓai. Takarduna sun ƙare tun bara. Ba zan iya buɗe asusu ba, shi ya sa mai gidana yake zuba albashina a na Yaya. Na cin abinci nake cira, sauran ina tarawa in biya lauya ya gyara mini zama. Wallahi da gumina aka haɗa aka kwashe."

Sufeto ya ajiye biro. Ya so a ce bai ji wannan magana ba, amma na'urar naɗar murya tana aiki, Sajan kuma yana rubutu.

"Ranar rasuwar, wa ya karɓi kayan yayanka a asibiti?"

"Kawu. Shi ya sa hannu, shi ke jin yarensu. A leda aka ba shi, da waya da agogo."

"Wa ya yi wanka?"

"Shi. Ni nake zuba masa ruwa, a ɗakin wanka na bayan masallaci."

"Ku biyu tun farko har ƙarshe?"

"E. Sai dai lokacin da ya aike ni in ƙaro ruwan zafi."

"Ruwan ya ƙare ne?"

"Bai ƙare ba. Cewa ya yi ya huce, wai hannun Yaya ya sandare, sai da mai ɗumi zai saki. Na kawo, ya tsoma hannun Yaya na dama a ciki, sai ya ce in fita in gaya wa jama'a an kusa. Da na dawo na tarar yana share masa yatsu da tsumma. Har na ce a raina, Allah sarki Kawu, dubi yadda yake lallaɓa shi."

Sufeto ya ga gawa iri-iri a aikin nan, amma bai taɓa jin ƙyamar wani abu kamar wannan ba.

Ya biya ta gidan marigayin. Ɗaki biyu ne a saman bene, takalman aikin mamacin suna nan a bakin ƙofa, katifar Auta a naɗe a bayan kujera.

"Wa ya kawo miki wayar mijinki?"

"Kawu, bayan an dawo daga maƙabarta."

"Kin ce mini Auta ba shi da komai a asusun nan. In sake tambaya, ko za ki gyara?"

Ta gyara goyon da ba ya bukatar gyara.

"Na san albashinsa yana shiga," ta ce a hankali. "Tsoro na ji kada ya ce a raba da shi. Yara biyu gare ni a ƙasar mutane, ranka ya daɗe, ba uwa ba uba."

"Kuma Kawu ya san takardun Auta sun ƙare?"

"Wa bai sani ba? Shi ma ya ba su shawarar su haɗa asusu."

Sufeto ya sauko benen ransa a ɓace.

Shagon Kawu yana cike da buhuna da akwatuna masu jiran tafiya gida. Dattijon yana zaune bayan sikeli, carbi a hannu, farin gemunsa tas.

"Maraba da ɗana Sufeto! Allah ya jiƙan mahaifinka, ni na raka shi banki ranar da ya buɗe asusunsa na farko. Yaya maganar yaron nan? Abin ya dame ni ƙwarai, yaran yanzu ba tsoron Allah."

"Muna kai, Kawu. Ranar jana'iza, a ina ledar kayan marigayi take?"

"A hannun Auta."

"Asibiti sun ce kai ka karɓa, matar ta ce kai ka kai mata."

"Tsufa, ɗana. Mantuwa ta yi mini yawa."

"Ka san wani Dogo, tsohon mai gadi?"

"Dogo? Ai ya daɗe da komawa gida."

"Katin bankinsa fa?"

"Ina zan sani? Da kayansa ya tafi."

Sufeto ya ciro wayarsa. Tun a hanya ya samo lambar Dogo a wurin tsofaffin abokan aikinsa. Ya buga, ya buɗe murya, ya ajiye a kan sikelin. Bayan gaisuwa ya tambaye shi kati.

"Kati? Ai wurin Kawu na bari, da lambar da komai," in ji Dogo daga can nesa, kaji na kuka a bayansa. "Jirgina ya matso, ya ce in tafi abina zai rufe mini. Lafiya dai? A gaida mini shi, mutumin kirki."

Sufeto ya kashe wayar. Carbin ya tsaya cak a hannun Kawu.

Sajan ya nuna takardar izinin bincike, ya ja aljihun teburin. A ƙarƙashin igiyoyin ɗaure kaya akwai gwangwanin alewa. Katin Dogo yana sama, a ƙasansa kuma wasu katunan ne da yawa na mutanen da suka tafi gida suka bar masa amana. Hular sanyin tana rataye a bayan ƙofa.

"Ruwan ɗumin nan, Kawu," in ji Sufeto, "don gawar ta ji daɗi ka sa aka ƙaro?"

Da dattijon ya buɗe baki, muryar ba ta mai carbi ba ce.

"Da sanyi wayar ta ƙi karɓa," ya ce. "Sai da na ɗumama yatsan."

"Inna lillahi! Mutumin da aka damƙa maka ka wanke?"

"Kai me ka sani? Gashina a ƙasar nan ya yi fari. Duk wanda ya sauka ni ne ɗakinsa, ni ne bakinsa, ni ne ƙafarsa. Su tara, su koma, su gina benaye, su aiko mini da hoto. Ni ko bulo ɗaya ban aza ba. Ka so in koma gida hannu rabbana, yara su riƙa nuna ni? Shi ya riga ya tafi, kuɗi ba zai amfane shi ba."

"Ya bar 'ya'ya biyu."

"Da na riƙa taimaka musu."

"Da kuɗin ubansu, su yi maka godiya. Auta fa, me ya yi maka da ka turo matar ta kawo ƙararsa?"

Kawu ya kau da kai.

"Na san ba zai daɗe ba. Mara takarda ba ya dogon bayani, jirgi ake sa shi."

Sufeto ya ji kamar ya ɗauke shi da mari. Ya danne, ya yi wa Sajan alama. Da ankwa ta shiga hannun dattijon, maƙwabta suka fito daga shaguna suna salati, wasu ma suna zagin Sufeto, wai ya ci mutuncin uban baƙi. Bai kula su ba, ya sa shi a mota.

A ofis ya tarar da mutum biyu a zaune a kan benci, jami'an shige da fice. Bayanin Auta ya riga ya je teburin Oga, shugaban ofishin, Oga kuma ya yi abin da doka ta ce. Sufeto ya shiga ya roƙi a bar saurayin ko zuwa ƙarshen shari'a, tun da shi ne shaida. Aka ce an naɗi muryarsa, ta isa.

Shi da kansa ya buɗe wa Auta ƙofa.

"An kama ɓarawon. Kawu ne. Ba ka da laifin sata."

Auta ya dafa bango. Ya hango mutanen biyu sun miƙe tsaye, ya gane ko su wane ne, bai ma tambaya ba.

Matar yayansa tana bakin ƙofa da goyonta, Sajan ya kira ta ta sa hannu. Ta durƙusa a gabansa tana kuka.

"Auta, ka yafe mini. Wallahi ban san nan abin zai kai ba."

"Tashi, Yaya, yara suna kallo," in ji shi. "Abin da aka ƙwato, har da nawa, a bar musu. Alfarma ɗaya nake nema. Ki kira Inna yau, kafin in isa, ki gaya mata da bakinki ba ni ba ne."

A daidai lokacin aka fito da Kawu za a wuce da shi ɗakin tsaro. Suka haɗu a tsakiyar baranda. Auta ya dube shi, Kawu ya dubi ƙasa.

"Ni na ɗauko maka ruwan, Kawu," in ji Auta. "Da hannuna."

Aka ja dattijon ciki. Jami'an biyu suka sa saurayin a tsakiya suka nufi motarsu, 'yar yarinyar tana bin su da gudu tana kiran Baba Auta, har sai da Sufeto ya riƙe ta.