Motar Jugu Ta Tashi Ba Kamila

A Zongon Paraku akwai wata yarinya mai son wasan kwaikwayo. Kowace Laraba da Asabar takan je gidan matasa, inda malaminsu, Mushe Saley, yake koya wa yara wasan.

Wata shekara aka gayyace su wasa a garin Jugu. Ita za ta fito a tsohuwa mai sayar da goro. Mutanen Jugu sun fi jin Dendanci, don haka Mushe ya mai da rabin maganarta Dendanci. Haddar ta yi mata wuya, amma ba ta gaya wa kowa ba.

Rannan suna gwaji, sai ta hangi ƙawarta Kamila a bayan labule, leɓenta yana motsi. Duk abin da ta faɗa, Kamila na maimaitawa. Da aka tashi, Mushe ya ja Kamila gefe, ya miƙa mata takarda.

A gida yarinyar ta ce, "Inna, Kamila tana so ta ƙwace wurina."

"Ita ta gaya miki?"

"A'a, bakinta na gani."

"Ke ma kina da baki. Je ki tambaye ta."

Ba ta tambaya ba. Sai harara daga nesa.

Ran Juma'a suka haɗu a famfo. Kamila ta ce, "Ƙawata, zazzaɓi ya hana ni zuwa gwajin ƙarshe. Ƙarfe nawa mota za ta tashi gobe?"

Ƙarfe bakwai aka ce. Yarinyar ta ce, "Ƙarfe tara."

Da safe Mushe ya nemi Kamila, bai gan ta ba. Ya kira wayar babanta, ba ta shiga ba. Direba ya matsa, aka tafi.

A Jugu zaure ya cika. Yarinyar ta zauna gaban faifan goro. Usaini, wanda ya fito a falke, ya gaishe ta da Dendanci. Ta buɗe baki, magana ta gudu.

Wani tsoho ya ɗaga murya. "Hajiya, goron ne ya shaƙe ki?"

Aka tuntsire da dariya. Ta fashe da kuka, Mushe ya ja labule.

Ya ce, "Kash, da Kamila tana nan! Uwarta 'yar Jugu ce. Na lura kina tuntuɓe, shi ya sa na sa ta haddace maganarki, ta riƙa raɗa miki in kin manta."

Yarinyar ta ce, "Mushe, ni na ce mata ƙarfe tara."

Mushe ya ce, "Da na gaya miki tun farko, wannan laifina ne. Amma ƙaryar taki ce. Ke za ki je wurinta."

Ta je da ƙafarta. Kamila ta ce, "Na zauna a tasha da jakata har azahar."

"Ki yafe mini. Zargi ne ya rufe mini ido."

Kamila ta dube ta. "Na yafe. Amma Dendancin nan naki sai ya gyaru. Kina yinsa kamar mai tauna tsakuwa."

Suka yi dariya. Wata guda Kamila tana koya mata. Bayan Salla suka koma Jugu a kujera ɗaya, wasa ya yi kyau, aka yi ta tafi.

Yara, in kun ga abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku zargi ɗan'uwanku.