Kwamfutar da Ta Ƙi Lalacewa

Ranar da Dogo, malamin firamare, ya shiga shagon kwamfuta, ba mata ya je nema ba. Kwamfutar cinya yake so mai furosesa nagari, ya riƙa buga tseren mota yana huce hayaniyar yara. A bayan tebur ya tarar da 'yar mai shagon, wadda kowa ke kira Injiniya, sukudireba a hannu, tabarau a goshi. Tana ɗagowa, duk sunayen furosesan da ya haddato a hanya suka watse.

"Wace iri kake so?" ta tambaye shi.

"Wadda... ake kunnawa."

Ta danne dariya, ta miƙa masa kujera.

"Ka ga, furosesa shi ne ƙwaƙwalwarta, kuma a irin waɗannan a liƙe yake, ba a canja shi kamar taya. Wanda ka zaɓa yau da shi za ka zauna. Kada gudu ya ruɗe ka, nemi wanda ba ya yawan ɗaukar zafi." Ta dafa wata baƙar kwamfuta. "Wannan sai ka gaji da ita. Ba za ka sake tako shagon nan ba."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta tayar masa da hankali.

"Babu wadda take ɗan lalacewa? Ba sosai ba, jefi-jefi."

"Malam, ba na sayar da irin wannan."

Ya saya, ya karɓi lambar wayar Injiniya wai saboda tsaro. Kwamfuta kuwa ta ƙi ko tari. Makwanni suka wuce ba dalilin komawa, ga Mai Caja, wani ɗan gayu da ke shagon gefe, kullum yana leƙa Injiniya da lemo mai sanyi.

Dabara ta faɗo wa Dogo. Ya naɗe kwamfutar cikin jan bargonsa, ya kunna tsere, har zafi ya sa ta kashe kanta. Ya rubuta saƙo yana murmushi:

"Injiniya, marar lafiyarki ta suma. In kawo ta?"

"Suma? Kawo ta yanzu."

A shago kwamfuta ta tashi garas. Aka gwada, aka sha hira, ya tafi. Bayan kwana kaɗan ta sake suma. Tun ana "Malam" har aka koma "Dogona", shi kuma yana "Injiniyata". Ya so ya daina, amma tsoro yake kada hirar ta mutu tare da ciwon.

Abin da bai sani ba, Baba mai shago yana lura. Wata rana a gaban Dogo ya ce da 'yarsa, "Ni na koya miki aikin nan, amma ga shi zaɓinki ya dawo mana ya fi a ƙirga. Daga yau bar teburin sayarwa, koma goge allon kwamfutoci."

Mai Caja ya leƙo. "Ai dama na faɗa, Baba."

"Kai wa ya sa da kai?"

Da yamma saƙonta ya shigo:

"Ka yafe ni, na zaɓa maka abin banza. Kada ka ƙara wahalar zuwa, Baba zai canja maka wata."

Dogo ya karanta. Teburin nan shi ne alfaharinta, shi kuma ya raba ta da shi.

Da safe ya shigo shagon, kwamfuta a hammata, bargo a kafaɗa. Ya shimfiɗa shi a kan tebur.

"Baba, ga ciwon."

Ya zayyana komai, kansa a ƙasa. Baba ya kwance bayan kwamfutar, ya sa tsinke a fanka, ya zaro jan gashin bargo dunƙule guda.

Injiniya ta riƙe haɓa. "Dogo! Ni ina can ina kuka, kai kana nan kana dafa min furosesa?"

"Ke kika ce ba zan sake tako shagon ba."

"To ba ka da baki? Sai bargo?"

"Baba," Dogo ya ce da sauri kafin ƙarfin halinsa ya ƙare, "ina sonta. Da aure."

"Wanda ya lulluɓe kwamfuta da bargo zan ba 'yata? Fita!"

Bai fita ba, ya dai matsa bakin ƙofa. Baba ya kunna kwamfutar ya ɗora mata gwaji mafi nauyi, wai ya ga ɓarnar da aka yi. Motoci suka yi ta gudu a allo, ko gezau. Ya saurari fanka, ya shafa ƙasanta.

"Duk wannan azaba, furosesan bai ƙone ba," ya ce a hankali. Ya dubi 'yarsa. "Koma teburinki. Kin fi ni ido." Sai ya nuna Dogo da sukudireba. "Shi ma wancan zaɓinki ne?"

Ta sunkuyar da kai, tana wasa da tabarau. "Yana da ɗan matsala, Baba. Amma zai yi ƙarko."

"Ki sani, shi ma ba a canja shi kamar taya."

"Na sani."

Ba a daɗe ba aka ɗaura aure. Mai Caja ma ya zo, shi ya raba lemo. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari, ya sa ku ga tsufan juna." Aka ce amin.

Kwamfutar tana nan a falonsu, lafiyarta lau. Bargon kuwa Baba ya riƙe, ya ce sai ya ga hankalin surukinsa ya zauna.