Injin Hagu, Da Sauƙi

Magaji na tuƙa jirgi cike da fasinjoji daga Agadas zuwa Sabuwar Funtuwa, kuma babu kowa a kujerar matuƙi. Muryarsa kawai ke fitowa daga lasifikar ɗakin sa ido na filin jirgin, a natse kamar ta mai karanta labarai.

"Mai ya wadata. Injin dama lafiya lau. Injin hagu, da sauƙi."

Kyaftin Lantana Bawa ta ajiye kofin shayinta.

Magaji ba mutum ba ne. Ƙwaƙwalwar na'ura ce da kamfanin jiragen Shamuwa ya saya tare da sababbin jirage, bayan tsofaffin sun gaji har kusan addu'a ce ke riƙe da fukafukansu. An ɗura masa duk maganganun da matuƙan kamfanin suka yi a sama shekara da shekaru, da yadda hannayensu ke sarrafa jirgi. Shi ya sa aka raɗa masa sunan: ya gaje su tun suna raye. Aikin lura da shi kuma aka ba wani kamfani a ƙetaren teku, inda ma'aikaci ɗaya ke kallon ɗaruruwan jirage ta na'urar tafinta. Ba sa buɗe alƙaluman jirgi sai fitilarsa ta yi ja, shi kuma Magaji ba ya sauya hanya sai da izininsu.

Matuƙan da suka rage aka zaunar da su a ɗakin nan har a gama watannin gwaji. Idan Magaji ya gama lafiya, a sallame su. Idan ya yi tuntuɓe, a mayar da su sama. Lantana ta gaji da zaman, ta gaji da shayin, ta gaji da hango tsofaffin jiragenta jere a rana.

"Kin ji abin da na ji?" in ji Kyaftin Sallau, shugaban ƙungiyar matuƙa, wanda muryarsa ta dushe a tarurrukan da ba su haifar da komai ba.

"Na ji."

A allon bango fitilar jirgin kore ce shar. Tafinta ya fassara wa mutanen ƙetare cewa babu matsala.

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya san zancen. Mutum na kwance ko ruwa ba ya iya haɗiya, ka tambayi 'yan uwansa ya jiki, su ce da sauƙi. Haka matuƙan Shamuwa suka yi ta lallaɓa tsofaffin injuna, don ba mai son furta mugun abu a tsakiyar sama. Lantana da bakinta ta faɗi kalmar ranar da inji ya yi mata hayaƙi a saman hamada. Magaji ya koyi tuƙi, ya haɗa har da kawaicin.

Ta miƙa hannu wajen maɓallin kira. Sallau ya ce, "Dakata, Hajiya. Magaji zai iya kawo jirgin da inji ɗaya, ke ma kin taɓa yi. Bari ya iso yana hayaƙi, duniya ta gani, mu koma bakin aiki. In kika kira su, gyara kalmar za su yi, su ce an yi gwaji lafiya. Ita kaɗai ta rage ba su sani ba."

"Akwai mutane a ciki, Malam Sallau."

"Mu ma ai mutane ne." Bai ɗaga murya ba, bai kuma riƙe hannunta ba. Ya dai juya kujerarsa ya fuskanci taga.

Ta danna. Wata mata ta amsa daga can, tafinta na bin bayanta da Hausarsa mara gishiri: komai na tafiya daidai, me ake buƙata?

"Baiwar Allah, buɗe alƙaluman injin hagu ki duba."

"Rahoto ya ce babu matsala."

"Rahoto ya ce da sauƙi. A wajenmu, wanda ke da lafiya ba a ce masa haka."

Matar ta buɗe alƙaluman. Can fitilar ta koma ja, aka ba Magaji izini, ya karkata ya sauke jirgin a Maraɗi. Kowa ya fito da ƙafarsa.

Abin da Sallau ya faɗa shi ya faru. Cikin mako guda aka koya wa tafinta da Magaji nauyin kalmar. Kamfani ya shirya walima, manaja ya yaba wa Lantana har ya ce da irinta ake alfahari, sannan a ƙarshen wata aka karɓi katin shigar matuƙan gaba ɗaya. Ba ta yi nadama ba, amma abin ya yi mata ciwo, ta kwanta zazzaɓi na kwanaki.

Ranar da ta dawo kwashe kayanta, duk wanda ta gamu da shi ya tambaye ta jiki, har manajan. Ta ce da sauƙi, suka ce madalla, suka wuce da saurinsu.

A ƙofar fita, wadda ita ma yanzu Magaji ke tsaro, muryar nan ta ce, "Kyaftin Lantana, ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ƙofar ba ta buɗe nan take ba.

"Sannu, Kyaftin," in ji Magaji. "In kira miki wani?"

Ta tsaya rungume da kwalin kayanta. A duk faɗin filin jirgin, shi kaɗai ne bai yarda ba.