Abin da Littafin Baba Ya Manta

Gyaran ƙofar ɗakin gwajin makarantarsu ne ya kawo shi shagon waldar mahaifinta. Malamin fisiks ne, alli har a girarsa. Ita kuwa 'yar mai shagon, ita ce ke zana tankokin ruwan da ake ƙerawa a wurin. Ya leƙa takardarta, ta ɗago ta harare shi.

"Malam Alli, zane ka zo gani ko mai zane?"

"Duka biyu, Tartsatsi."

Wata uku yana zuwa duba ƙofar da ta gyaru tun makon farko.

Abin ya ɓaci ranar da ya je gaida Baba, mahaifin nata, a kan maganar aurenta. Ana haɗa tanki mafi girma da shagon ya taɓa yi, littafin lissafin da Baba ya gada daga ubangidansa yana buɗe a kan benci. Alli ya duba, bakinsa ya ƙi shiru.

"Baba, lissafin matsin ruwan nan akwai abin da ya ɓace a ciki."

"Shekara talatin nake aiki da shi, yaro."

Guduma, babban ma'aikacin shagon, wanda Baba ya daɗe yana son ba shi ita, bai jira umarni ba. Ya shaƙe Alli, ya gwara kansa da jikin tankin har jini ya wanke masa ido. Da ya kare fuska da hannu, rodi ya sauka a kan hannun. Kowa ya ji ƙarar ƙashin. Baba ya ce in ya sake tako layin, ɗaya hannun ma zai bi.

Washegari saƙo ya shigo wayarta:

"Tartsatsina, kada ki yarda da ni, duba da kanki. M nauyi ne, L tsawo, T lokaci, kuma dole ɓangarorin lissafi biyu su zo ɗaya. Matsi M L⁻¹ T⁻² ne. Na Baba ya ba da M L⁻² kawai. Ina T? An bar jan ƙasa, wato ƙarfin da ke jawo komai ƙasa. Da can a kilo ake komai, shi ya sa ya tafi daidai. Takardar ƙarfen yanzu a niyuton take, wani ma'aunin ƙarfi daban. Kaurin bangon tankin ya gaza kusan sau goma. Kada kowa ya tsaya kusa ranar da za a cika shi."

Ta mayar masa: "Labarin hannunka nake so in ji, kana ba ni T."

"Yana ciwo, masoyiyata. Ki duba dai."

Ta duba sau uku. Ta kai wa Baba takardar, ya kife ta da mari, na farko a rayuwarta.

Al'adar Baba ce, duk tankin da ake cikawa karon farko, sai ya ɗora tafinsa a bangon har ruwa ya kai baki. Ranar ya ɗora. Ita ma ta zo ta ɗora nata kusa da nasa, kuncinta a kumbure.

"Matsa daga nan."

"Mu tsaya tare, Baba. In littafin ya yi gaskiya, na auri Guduma gobe."

Ruwa ya wuce rabi. Ƙarfen ya fara kuka a hankali. Baba ya dubi hannun 'yarsa, ya dubi bangon. Mutum kan sa ransa a kan abin da ya gada, amma ran ɗansa wani abu ne daban. Ya fizge ta suka yi baya da gudu.

Ɗinkin waldar ya tsage. Ruwan ya kwashi Guduma ya maka shi da katanga, gefen ƙarfe ya yanka masa cinya har ƙashi. Inda suka tsaya ɗazu, fallen ƙarfe guda ya nutse a ƙasa.

Da yamma Baba ya je gidan su Alli da littafin a hamata. Ya daɗe yana kallon hannun da ke cikin filasta.

"Ubangidana bai yi ƙarya ba," in ji shi.

"Bai yi ba, Baba. Ma'aunin ne ya canza."

"To rubuta abin da ya ɓace. Sannan ka turo magabatanka."

Da hagu Alli ya rubuta, a karkace.

Ranar ɗaurin aure Baba ya haɗa hannunta da na Alli mai ɗori, a hankali, kamar ba maƙeri ba.

"Allah Ya daidaita ɓangarorinku biyu, Ya ba ku 'ya'ya masu duba littafin ubansu."

Tartsatsi ta ce amin, ta fi kowa ƙarfi.