Shekarar da Gajere Ya Manta

A faɗin Malam Kabir Gajere, tun daga Kusada har Kankiya ba a taɓa haihuwar mai kai irin nasa ba. Ya ce shi bai san mantuwa ba. Ya ce keken rubutu uku ne suka tsufa a hannunsa a ofis, kuma da kwamfuta ta zo, kwana biyu ya yi mata ta miƙa wuya. Kullum bayan la'asar yake faɗin haka a dakalin ƙofar gidansa, yana gyara zaman hula, abokinsa Labaran na gefe yana ɓarar gyaɗa.

Kwamfutar tana ɗakin da ke bayan zaure, an lulluɓe ta da tsohon zanen matarsa Hadijatu. Sunan dai tasa ce, amma mai aiki da ita 'yarsa ce Basira, wadda ke shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Wata biyar ta yi tana buga aikinta na kammala karatu a ciki, kuma ranar Litinin za ta miƙa. In ta wuce Litinin, sai baɗi.

Ranar Talata Gajere yana buga wa Labaran wasiƙa, yana nuna masa yadda ake yi, sai rubutun ya ɓace masa. Ya yi ta lalube. Basira ta shigo da ruwan sha, ta miƙa yatsu biyu ta danna, rubutu ya dawo. Labaran ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Gajere bai yi ba. Washegari, da Basira ta tafi suna ƙauyen Dudunni, ya zauna ya canza kalmar sirrin, don yarinya ta san sai ta roƙa kafin ta shiga. Ya zaɓi wadda ya tabbata babu mai saninta a gidan, ya lulluɓe kwamfuta, ya tafi masallaci yana murmushi.

Yammacin Alhamis ya zo kamar kowane yammaci. Kaji suna shiga akurki, hayaƙin tuwo ya kwanta a tsakar gida, rana ta yi ja a bayan dalbejiya. Basira ta dawo, ta kunna, ta buga kalmar da ta saba. Kwamfuta ta ce ba daidai ba. Ta duba ko maɓallin manyan baƙaƙe ne a kunne. A kashe yake. Ta kashe ta sake kunnawa. Ta zare wayar allon bugawa, ta hure, ta mayar. Kwamfuta ta ce ba daidai ba.

Gajere ya shigo a hankali, hannu a baya, kamar likitan da aka daɗe ana jira. “Matsa, 'yar boko,” ya ce. Ya zauna, ya buga. Kwamfuta ta ce ba daidai ba. Ya yi gyaran murya ya sake bugawa. A nan ne wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa, irin tunin da mutum ke bar wa kansa: sunana da shekarar haihuwata.

To, Gajere mutum ne da Allah ya wadata da shekarun haihuwa. Akwai ta katin shaida, saba'in da ɗaya. Akwai ta fayil ɗin ofis, sittin da takwas. Ya gwada su duka, gaba da baya. Akwai kuma ta uku, wadda uwarsa ta haife shi a cikinta, kuma ita ya sa, don ita ce babu mai sani. Sai dai ya daɗe yana ɓoye ta, ranar Laraba ta leƙo ta koma, yanzu shi ma ta ɓuya masa.

“Baba,” in ji Basira a hankali, “kai ka canza?”

“Ni? Ina ni ina wasan yara? Wannan aikin mutanen ɓoye ne. Aljanun gidan nan ne suka shige ta.”

Ta roƙe shi a kai wa mai gyara a Kankiya. Ya ce mai gyara wanke ta zai yi, aikinta ya bi ruwa. Abin da bai faɗa ba shi ne, in aka ga kwamfutar Gajere a kan acaɓa, kafin magariba Labaran ya ji.

Don maganarsa ta zauna da gindinta, ya sa garwashi a kasko ya zuba barkono, ya turara ɗakin har kowa ya fito yana tari. Ya sauke tukunyar ruwan da Hadijatu ta ɗora, ya bi kusurwoyi yana watsawa. Ragowar kuma ya zagaya bayan ɗaki ya sheƙa shi a kan wani baƙin dutse, gindin tsohon rumbun kakansa.

“Malam, magariba ce fa!” in ji Hadijatu. “Ruwan zafi, ko bisimilla babu?”

Ya juya da tukunyar a hannu. Daga ƙarƙashin dutsen wani siririn kuka ya fito, kamar na ɗan akuyan da aka taka, ya yi tsawo, sannan ya yanke. Kajin da ke akurki suka yi tsit.

Ran Juma'a, da rana ta faɗi, Gajere ya saci jiki ya koma gwaji. Ya buga sittin da tara. Dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin. Ya buga saba'in. Wani ya faɗo. Duk bugun da bai yi daidai ba, dutse ɗaya, ba ƙari ba ragi. Hadijatu ta tsinci guda ta yar da sauri: jiƙe yake, kuma da zafi, kamar an tsamo shi daga tukunya. Babu kowa a bayan katanga. Sai wata murya can ƙasa-ƙasa, kamar ta tsohuwa mai ƙirga ƙwarya, tana cewa, “Sha ɗaya. Sha biyu.”

Asabar da yamma aka nemi Basira aka rasa. A ɗakin aka same ta, zaune gaban kwamfutar da ba a kunna ba, ta miƙe baya kamar an kafa ta. Damtsenta na dama ya tashi ya yi ƙuraje irin na ƙuna, alhali ko kusa da murhu ba ta je ba. Uwarta ta kira ta sau uku. A na ukun ta juyo, da idon da ba nata ba, ta ce, “Ɗiyarku na wurina.” Daga nan ba ta ƙara magana ba, ba ta ci ba, ba ta sha ba.

Lahadi da la'asar Hadijatu ta sa aka ɗauko Modibbo Hamma daga ƙauyen Ƙofa, dattijo siriri mai ƙaramar murya, wanda ba ya gaggawa ko a gaisuwa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe tsakar gida. Sai jikin Basira ya ɗauki rawa, ta yi wata dariya busasshiya.

“Ya isa, Modibbo. Ina jin ka.”

“Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?”

“Na riga kakan wanga gajeren zama gidan ga. Ban taɓa ɗaukar masu ko allura ba. Rannan sai ya tashi ya ce mu muka rufe mashi akwati. Mi za ni yi da akwatin ƙarfe? Mu da ƙarfe ko gaisawa ba mu yi! Ƙazafin bai ishe shi ba, ya zo ya sheƙa wa ɗiyata tafasasshen ruwa tana barci. Ya ƙona tawa, na riƙe tashi.”

Modibbo ya dubi Gajere. Gajere ya dubi silin.

“Me zai sa ki sake ta?”

“Shekara bakwai za ta yi wurina, sai fatar tawa ta warke.”

“Ba za a yi ba.”

“To a ba ni hannunshi na dama, wanda ya riƙe tukunyar.”

Gajere ya tura hannun cikin aljihu.

“Shi ma ba za a yi ba.”

“To a yanka mini baƙin bunsuru.”

“Ba a yanka don kowa sai don Allah, kin sani. An zalunce ki, ban musa ba. Amma ki faɗa mini gaskiya: ita wannan da kika riƙe, ta taɓa cutar ki?”

Can aka ji ana gwada lasifikar masallaci. Da muryar ta dawo, ta yi ƙasa.

“Ita ke share mana gindin dutse. Sai ta yi sallama take zuba shara.” Sai kuma ta ɗaga. “To na ji. A kewaye dutsen, kada a ƙara zuba mashi ko ruwan sanyi. Shi kuma ya faɗi da bakinshi wa ya rufe akwatin, da dalili. Da ƙarfi, yadda yake yi a dakali.”

Hadijatu ta juyo ta zuba wa mijinta ido. Gajere ya dubi damtsen 'yarsa. Ya cire hula, abin da ba a taɓa gani ba da rana, ya ce shi ya canza, saboda Basira ta kunyata shi gaban Labaran, kuma ya manta, kuma aljanu ba su da laifi.

“Manta!” in ji muryar, tana jan kalmar kamar mai tsotsar rake. “To bari in tuna maka. Damanar da ta biyo bayan 'yancin kai aka haife ka. Ina kan katangar can aka binne cibiyarka. Sittin da ɗaya, tsoho.”

Basira ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, nata ne. Ta nemi ruwa. Ƙurajen suka kwanta kafin a idar da salla. Bayan ta ci tuwo, ta kunna kwamfuta, ta buga Gajere da sittin da ɗaya, ta buɗe kamar ba a taɓa yin komai ba. Litinin da sassafe ta hau mota da aikinta a jaka. Shi kuwa abin da ya fi gode wa Allah a kai, bayan lafiyar 'yarsa, shi ne Labaran ba ya wurin.

Sati biyu aka yi dakali shiru. A na uku hula ta koma mazauninta.

“Aljana ce fa ƙatuwa,” yake gaya wa Labaran da mutum huɗu da suka tsaya saurare. “Modibbo har ya fara naɗe tabarma. Na ce matsa. Na dube ta ido cikin ido, tsawa ɗaya na yi mata ta bi ta taga. Kwamfutar kuwa, ta ƙofar baya na shige ta, wata dabara ce da sai mu 'yan zamani.”

“Madalla,” in ji Labaran, yana kakkaɓe ɓawon gyaɗa. “Daman wasiƙar nan tawa ba mu gama ba. Mu shiga.”

Suka shiga, har da masu saurare. Gajere ya yaye zane, ya kunna, ya kare allo da kafaɗa, ya buga sittin da ɗaya. Kwamfuta ta ce ba daidai ba. Wata 'yar tsakuwa ta faɗo a kan kwano, guda ɗaya, a hankali.

Daga tsakar gida Basira ta ɗago murya, cikin ladabi ƙwarai. “Baba, na canza ta tun jiya. Na ga shekarar da aljanar ta faɗa kamar ba ka so a sani. In zo in buɗe maka?”

“Wace shekara?” in ji ɗaya daga cikin mutanen.

“Ba sai an tambayi aljana ba,” in ji Labaran. “Rana ɗaya aka yi mana kaciya da shi. Ni jikana na fari ya yi aure bara. Zo ki buɗe mana, 'yata, ɗan zamani ya gaji.”