Alluran da Barira Ta Bari

Ranar da keken ɗinkin Hajiya Ɗelu ya cije, ranar ce Sadiƙ ya fara ganin Barira. Daga Ɗan Issa, can bakin iyaka, ya taho a kan moto, wato babur, da jakar kayan gyara. Ya yi sallama a shagon da ke bayan kasuwar Madarunfa, ya tarar da dattijuwa tana yi wa keke faɗa kamar yana jin ta, a kusurwa kuma wata budurwa tana yankan atamfa, ko kai ba ta ɗago ba.

Yana cikin kwance keken ya lura da wani abu. Hajiya ta ɗauki allura da zare, ta miƙa hannu ta ƙarƙashin tebur. Budurwar ta karɓa, ta zura, ta mayar, ba wadda ta kalli wata. Da ta ɗago suka haɗa ido, ta gane ya gani. Ta ɗan girgiza masa kai, shi kuwa ya mai da idonsa kan aikinsa. Wannan rufin asirin ne ya fara shiga ranta, tun kafin ta lura saurayin ba laifi.

Idanun Hajiya sun daɗe suna dushewa, kuma duk garin ba wanda ya sani sai Barira. Ita ke awo, ita ke yanka, ita ke zura zare, Hajiya kuma ta ɗinka da hannun da ya haddace hanya, ta karɓi yabo. Tun rasuwar mahaifiyar Barira kawunta Gambo ya kawo ta aiki daga Safo. Ba ta da ƙawa, don mai riƙe da asirin wani ba ya sakin baki a taro. In sun tashi, sai ta tafi bakin tafki da littattafanta ita kaɗai, tana kallon masunta suna dawowa gida ana tarbarsu.

Keke dai ya gyaru sarai, amma Sadiƙ ya gano cewa lallai yana bukatar dubawa kowace ranar kasuwa. Saƙonsa na farko ya shigo wayarta da la'asar:

"Mai almakashi, yau kin yanke atamfa kin haɗa da natsuwata. Yaushe za ki ɗinke mini?"

Ta karanta har sau ba adadi kafin ta amsa: "Sarkin gyara, ba mu karɓar ɗinkin da babu awo. Ka zo a auna ka."

Shi ta fara gaya wa abin da ke cin ta. Da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, a farkon damina, Hajiya ta yi guɗa ta raba goro, ta ce to, karatu ya ƙare, sai a riƙe shago. Abin da ba ta sani ba, Barira ta nemi gurbi a jami'a can Yamai, kuma an ba ta. Da an yi girbi za ta tafi. Lokacin ne kuwa ake ɗaurin aure ko'ina, lokacin da shago ke cika da anko.

"Ki hwaɗa mata yanzu," in ji Sadiƙ a bakin tafki. "Ta samu ta koya ma wata."

"In ta koya ma wata yanka, ai sai ta hwaɗi dalili. Mutuwa ta hi mata sauƙi da a ce Ɗelu ba ta gani."

"In kuma kinka bari sai ta amshi aikin mutane?"

Kullum Barira ta tashi da niyya, kullum Hajiya ta miƙo allura ta ƙarƙashin tebur, maganar ta koma ciki. Da ya matsa mata da tambaya, sai ta rubuta masa: "Na gama da wannan, ka kwantar da hankalinka." Nufinta ta gama yanke shawara. Kunya ta hana ta ƙara cewa har yau ba ta buɗe baki ba.

Ita kuwa Hajiya tuni ta hango inda motar Sadiƙ ta dosa, kuma ba ta so. Ta ɗauko Zulai, 'yar ƙaninta, ta zaunar da ita a ƙofar shago, ta ce ita za ta riƙa ba mai gyara ruwa. Zulai ta riƙa zuwa da kwalli da murmushi, Barira na kusurwa tana yanka, kishi na yankar ta.

Sadiƙ ya ga abin zai yi tsawo. Ya sa babbar riga ya zo ya durƙusa gaban Hajiya.

"Inna, Barira nika so."

"In ba ka ita ka kwashe ta zuwa bakin iyaka? Ga Zulai nan in aure kake so. Barira ba ta zuwa ko'ina."

Shi a ganinsa tsoron Hajiya kar ya kashe wa yarinya karatu ne, sai ya fito da abin da ya ɗauka shi ne babban makaminsa.

"Wallahi Inna, ba ni hana ta jami'a. Ni da kaina zan kai ta Yamai bayan girbi."

Almakashi ya tsaya a hannun Barira. A kan tebur ga tulin shaddar ankon wani biki da Hajiya ta karɓa jiya jiya.

"Wace Yamai?" in ji Hajiya a hankali.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Kwana da kwanaki hannunta bai biyo ta ƙarƙashin tebur ba. Barira na kallonta tana lalubar kafar allura, zare na wucewa ta gefe, tana ƙara lasa tana ƙara gwadawa. A gida ɗaya suke, kwano ɗaya, amma Barira ba ta taɓa jin maraici irin na kwanakin nan ba. Sadiƙ ya aiko: "Hasken idona, bakina ya yi ɓarna. Ki yafe mini." Ba ta amsa ba, don ta san ba bakinsa ne ya yi ɓarnar ba, nata ne da ya ƙi buɗewa.

Wata safiya, kafin Zulai ta iso, ta durƙusa ta karɓe allurar daga hannun Hajiya.

"Inna, an ba ni jami'a. Bayan girbi zan tahi. Ya kamata ki ji tun ranar, a bakina."

"Ni ba tahiyarki ta yi mani ciwo ba," in ji Hajiya. "Ke kaɗai kinka san asirina. Ni kuma naki sai a bakin baƙo na ji."

"Na ji tsoron in bar ki cikin duhu."

"To da kinka yi shiru, haske ya zo?"

Suka yi kuka tare. Da Zulai ta shigo, Hajiya ta goge fuska ta ce, "Zamna. Gwaggonki ba ta gani sosai. Daga yau ke za ki koyi almakashi." Zulai ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce ai ta sani, tun ranar da gwaggo ta gaishe da buhun gero a zaure. Dariyar da Hajiya ta yi har maƙwabta sun ji.

Sauran damina Barira ta koya wa Zulai awo da yanka, anko ya fita a kan lokaci. Sadiƙ ya sami saƙo: "Sarkin gyara, Inna ta ce keke ya lalace. Ka zo da manyanka." Kawu Gambo ya taho daga Safo a kan amalanke, aka ɗaura aure bayan an kai gero rumbu. Sadiƙ ya kama ɗaki a Yamai, ya ce can ma kekuna na cijewa.

Da safiyar tafiya aka nemi amarya aka rasa, sai ga ta a shago. Ta jera allurai a jikin ɗan matashi, kowace da zarenta, fari da baƙi da ja da shuɗi, reras. Ta ɗora hannun Hajiya a kai.

Hajiya ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta jawo hannun Sadiƙ ta haɗa da na Barira.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba da zaman lahiya da zuri'a ta gari, shi buɗe maki karatu, ɗiyata." Ta ɗan tsaya. "Zulai ta iya zura zare, amma waɗanga ni kaɗai zan taɓa su. Ranar da sunka ƙare, ku zo hutu."

"Amin, Inna," in ji Sadiƙ.

Suna fita ƙofa, Barira ta waiga. Hajiya ta riga ta zare allurar farko, tana neman abin da za ta ɗinka.